A bar wa tsakar gida ɗan fili

Masu gini a Yamai, don Allah me ƙasa ta yi muku? Duk sabon gidan da ka shiga yanzu, tun daga bakin ƙofa har gindin katanga an malale shi da siminti ko an jera karo. Ko inda kaza za ta yi tono babu. Mai gida ya tsaya yana nuna maka yana murmushi, kai kuma dole ka ce masha Allah. Ni dai ina faɗa, amma raina ba ya so.

Na san dalilin. Shara ta yi sauƙi, ba taɓo da damina, yara ba sa kwaso ƙura zuwa ɗaki. Ban raina wannan ba, mai riƙe tsintsiya safe da maraice ita ta san wuyarta. Sai dai a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, simintin nan wuni yake yana shan rana, da dare ya amayar da ita. Ka shimfiɗa tabarma bayan lisha, ya yi ta gasa maka baya har tsakar dare. In kuran ya ɗauke, ɗaki ba ya shiguwa, waje ba ya kwantuwa. Gidan da aka bar ƙasa kuwa, guga biyu za a yayyafa da la'asar, kafin magariba wuri ya huce. Da damina kuma ruwan da ya kamata ya nutse a gidanka sai ka huda katanga ka tura wa hanya, maƙwabci ma haka, gobe mu taru muna ƙorafin unguwa ta zama tafki.

Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne tukunya. Mu ƴan Adar mun tashi a ƙasar duwatsu, ruwa da nisa, duk da haka gidan innarmu bai rasa kore ba. A gindin randa, inda ruwa ke ɗiga, akwai na'ana'a da ɗoɗɗoya. Inda ake alwala akwai zogala, a bayan madafa akwai yakuwa. Ba wanda ya kira shi lambu. Yau ga mu da robine a cikin gida, amma da azumi sai ka ga mata sun yi cincirindo wurin mai dafaffiyar zogala, ana auna musu ɗan dunƙule da tsada, ba a san ruwan da aka yi ban-ruwa da shi ba, ba a san hannun da ya matse ta ba. A garin da dambu da kopto, wato kwaɗon zogala, suke abincin kowa!

Ita kuwa zogala ba ta da fitina. Ka tona rami kamu ɗaya, ka zuba ɗan takin awaki da ya bushe, ka sa ƙwaya biyu, cikin mako biyu ta fito. In ta kai ƙugu ka datse kanta, in ba haka ba za ta miƙe sama siririya, ganyen ya fi ƙarfin hannu. Datsewar ce ke sa ta rassa. Bayan wata uku ka fara tsinka. Ruwan alwala da ruwan wankin shinkafa ko na gero sun ishe ta, na omo ne kawai ba ta so, kuma ba ta son ya kwanta mata a gindi. Gindi huɗu ko biyar za su riƙa ba gida kwaɗo lokaci lokaci: ƙuli-ƙuli, albasar Galmi, tattasai, gishiri, ɗan mai, shi ke nan.

Mai gidan hayarmu da na roƙe shi in fasa karo huɗu a lungu, cewa ya yi, "Hajiya, saiwa za ta tsaga mini gini." Na ce, "Alhaji, ai ba dogon yaro zan dasa ba." Gaskiyarsa a kan dogon yaro, saiwarsa tana bin danshi har masai, ba a kai shi jikin katanga. Ta zogala ƙasa take nufa, kuma taushi gare ta. Bai yarda ba dai, sai na koma tsofaffin tayoyi da buhunan shinkafa, kuma suna yi, sai dai sun fi shan ruwa.

Kowace 3 ga Agusta, tun 1975, ana bikin dashen itace a ƙasar nan, manya su dasa a ɗauki hoto. Dajin dogon yaron da aka fara kewaye Yamai da shi a 1965 kuwa, kowa na ganin yadda gine-gine ke cinye shi. Ba ni da iko a kan wancan. Taku biyu na tsakar gida kuwa mai gini ne ke da iko da su, tun ranar da magini ya tambaye shi ina siminti zai tsaya.

Akwai kuma abin da ba na ci ba. Matar da aure ya kawo daga Tawa ko Keita, miji ya fita tun safe, ba dangi kusa, katanga ta fi ta tsawo, ku tambaye ta yadda wuni yake. In tana da abin da za ta leƙa da asuba ta ga ya yi sabon toho, ta tsinka ta aika wa maƙwabciya a kwano, kwanon ba ya dawowa wayam, daga nan ake fara gaisawa. In za ku gwada, ku kewaye da ƙaya ko tsohon gidan sauro tun ranar farko, don ragon layya ba ya barin ko kara.