Ranar da Na Yi Tunkuza a Lübeck

Bakina ne ya ja mini. A farkon Disamba maƙwabciyata, wata tsohuwa Bajamushiya da duk gidan muke kira Oma, ta kawo mini wasu 'yan dunƙule-dunƙule masu launin ƙasa. Na jefa ɗaya a baki na ce, "Ai wannan dakuwa ce aka manta ba a sa barkono ba." Ta ce dankalin marzifan ake ce masa, mulmula shi ake yi a birkiɗa a garin koko don ya yi kama da dankalin turawa da aka tono. Na tambayi haɗinsa, ta ce abu uku ne kacal, almon (wani ƙwallon itace mai kama da gyaɗa) da garin sukari da ruwan wardi. Sai na yi dariya. Ni da uwata ta tsufa a sana'ar ƙuli-ƙuli a Fagge? Na ce kada ta ƙara sayen na kanti, ni zan yi mata wanda za ta cusa a tsakiyar Stollen ɗinta, burodin nan na Kirsimeti mai zabibi.

Na manta a inda nake tsaye. Lübeck fa ta ƙasar Jamus, garin da kamfanin Niederegger ke wannan sana'a tun 1806, har suna da mutum-mutumi na marzifan masu tsayin mutum a hawan sama na shagonsu. Garin da ba a yarda a kira abu marzifan ɗin Lübeck ba idan sukarin da aka ƙara wa kwaɓin ya haura kashi 30 cikin ɗari. Kamar baƙo ne ya sauka a ruga ya ce zai koya wa Fulani tatsa.

Ranar Lahadi na ɗaura zani na hau aiki. Na zuba wa almon giram 200 tafasasshen ruwa don ɓawon ya saki. Ya kuwa saki. Na matsa na farko da yatsa biyu, ya yi fit ya daki taga. Na biyu ya shige bayan firji, har yau yana can. Sai da na koma matsawa a cikin tafin hannu kamar mai ɓoye goro.

Can na duba, garin sukari babu, sai na shayi mai tsaki-tsaki. A Jamus kuma ranar Lahadi kantuna a rufe suke. Na ce ai inji zai niƙe shi. Na kunna injin markaɗe, mutumin sama ya fara buga mini ƙasa da sanda, don Lahadi ranar shiru ce a wurinsu. Ni kuma a gidanmu ba a barin niƙa rabi, sai na danne maɓallin na ƙi saki don in gama da wuri.

Ashe nan ne asirin. Almon kaɗan-kaɗan ake niƙa shi, a tsaya a bar shi ya huce, in ba haka ba ya ɗau zafi ya fara zubar da mai. Da na buɗe murfi, wani ƙamshi ya buge ni wanda na sani tun ina goye. Ga mai kwance a sama yana sheƙi, ga dunƙule a ƙasa, sukarin kuma yana nan daram kamar yashi. An ce cokali guda na ruwan wardi, ni na tuttula rabin kwalba ko zai rufa mini asiri. Kicin ya koma ɗakin amarya.

Na kira Inna ta bidiyo na haska mata kwanon. Ta matso da fuska ta ce, "Yarinyar nan, tunkuza kika yi. Nawa kika sayi gyadar?" Da na juya mata kuɗin zuwa naira sai da ta yi salati. Ta ce, "To ba a zubar da abincin Allah. Matse man, ki murza, ki soya."

Na bi umarni. Sukarin ya ƙone, abin ya fito baƙi ƙirin, taurinsa kamar tsakuwa.

Da safe Oma ta ƙwanƙwasa. Na miƙa mata faranti na ce irin na Königsberg ne, wani garin da shi ma ya yi suna da marzifan, don na ji an ce su gasa nasu suke yi.

"Saman kawai suke babbakawa, 'yata," in ji ta.

Ta ɗauki ɗaya ta kai baki, sai ta tuna haƙoranta na roba ne, ta tsoma shi a kofi ta bar shi ya jiƙa. Sannan ta buɗe jaka ta ciro kwaɓin marzifan na kanti, rasiɗin na manne a jiki. Na duba kwanan wata. Ranar da na yi mata alkawari ta saya.