Sabuwar mota ko 'yar gidan gareji?

Tun da Gwamna Gavin Newsom na jihar Kalifoniya a Amurka ya sa hannu a dokar AB 1755, wadda ta shafi ƙarar masu motoci masu aibi, a watan Satumban 2024, hujja ɗaya ake ta nanata mana: kotuna sun cika da ƙarar masu motoci, dole a rage. An ce ƙararrakin sun haura 22,000 a 2023. Sai aka taƙaita wa'adin shigar da ƙara zuwa shekara ɗaya bayan ƙarewar garanti, kuma kada ya wuce shekara shida daga ranar da aka miƙa motar. Wato an bar jaki ana dukan taiki. Mutum dubu ashirin da biyu ba sa tashi haka kawai su nufi kotu don sha'awar ganin alƙali. Motocinsu ne suka ƙi tafiya, kamfanonin kuma suka ƙi karɓar kayansu.

Masu cewa lauyoyi ne ke hura wutar don su cika aljihu, ba zan ɓata lokaci a kansu ba: lauya ba ya lalata giyar mota.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda aka koya wa mai saye ya ɗauki gyara a matsayin alfarma. Ka biya kuɗin sabuwar mota dal, wata biyu fitilar gargaɗi ta kama a gaban sitiyari, motar na fizga idan za ta canza giya. Ka kai wa dila. Makanike ya jona kwamfuta, ya goge lambar matsalar, fitila ta mutu, aka rubuta a takardar aiki cewa ba a ga komai ba. Bayan mako uku ta dawo. Wannan karon an ce an sabunta manhaja. Karo na uku ana jiran kayan gyara daga masana'anta. Duk tsawon wannan lokaci kana biyan bashin banki da inshora a kan motar da ke kwana a garejin wani, garanti kuma yana ta ƙarewa. Shi ya sa taƙaita wa'adi ba ƙaramin abu ba ne: wanda jinkiri ke yi wa amfani, shi aka ƙara wa ƙarfi.

Kada wani ya ce zargi ne kawai. A 2018 kotun tarayya ta Ostireliya ta ci kamfanin Ford tarar dalar ƙasar miliyan 10 saboda yadda ya yi da koke-koken masu Focus da Fiesta da EcoSport masu giyar PowerShift. An riƙa gaya wa mutane cewa salon tuƙinsu ne ke sa motar karkarwa, alhali kamfanin ya san akwai matsala a giyar. A 2024 kuma a can ɗin aka ci Mazda miliyan 11.5 saboda yaudarar mutum tara kan haƙƙinsu na a mayar musu da kuɗi ko a canza musu mota. Mutum tara kacal, amma da hukumar kare masu saye ba ta shiga ba, wa zai ji labarinsu?

Ita kanta asalin dokar Kalifoniya ta mayar da mota mai aibi, da ake yi wa kallon mai tsauri, a ganina sassauci ne ya yi mata yawa. Kafin a ɗauka cewa mota ta gagara, sai an gwada gyaran matsala guda sau huɗu cikin wata 18 ko mil 18,000, ko motar ta yi fiye da kwana 30 a gareji. Idan matsalar mai iya kisa ce, sau biyu. A duba wannan da kyau. Birki ya ƙi ci, an gyara, ya sake ƙi, sannan doka ta fara sauraronka, in kana raye.

Birtaniya ta fi kusa da hankali. Dokarta ta 2015 ta ba mai saye kwana 30 ya mayar da kaya mai aibi ya karɓi kuɗinsa cif. Bayan nan dila na da damar gyara sau ɗaya, in bai yi ba, mai mota na iya mayarwa, sai dai a cire wani abu na amfanin da ya yi da ita. A wata shidan farko kuma, dila ne zai tabbatar da cewa lafiya lau ya sayar da motar, ba mai saye ne zai nemo injiniya ya biya shi ba.

Dilolin za su ce motar zamani kwamfuta ce mai taya, gano matsalarta na ɗaukar lokaci. To, wa ya ƙera ta haka? Ba direba ba ne.

A ba su dama ɗaya, biyu in an yi musu kara, kuma kowace ziyara a ƙirga ta ko an rubuta "ba a ga komai ba". Agogon garanti ya tsaya duk ranar da mota ke hannun dila. In kotunan Kalifoniya na son cunkoso ya ragu, su nemi a wallafa sunayen kamfanonin da aka fi kai ƙara kowace shekara, da adadin motocin da kowannensu ya karɓa ya mayar da kuɗi ba tare da an je gaban alƙali ba.