June Mathis ta fi ƙarfin layi biyu

Na ji daɗin wani labari da na karanta a kan zamanin fina-finai marasa murya a Amurka, amma gaskiya a cikinsa an rage wa marubuciyar fim June Mathis haƙƙinta. Layi biyu kacal aka ba ta, wai ita ce ta gano shahararren ɗan wasan fim Rudolph Valentino, shi ke nan.

Ku duba irin aikin da ke gabanta. Fim babu magana, ɗan wasa ba zai buɗe baki a ji shi ba. Dole marubuciya ta tsara kowane motsi da kallo, sannan ta zaɓi 'yan kalmomin da za a rubuta a allo tsakanin fitowa da fitowa. Ita da ta fara da wasan kwaikwayo a dandali tun tana yarinya, ta san yadda fuska ke magana. Har ta zama shugabar sashen rubutun labari a kamfanin shirya fina-finai na Metro, a lokacin da ba kasafai mace ke riƙe irin wannan kujera ba. Ita ta dage aka ba Valentino babban matsayi a fim ɗin The Four Horsemen of the Apocalypse na 1921.

Abin da ya fi taɓa min zuciya: da Valentino ya rasu a 1926 da bashi a kansa, ita ta ba da wurin kabarinta aka sa shi na ɗan lokaci. Bayan shekara ɗaya ta faɗi ta rasu a gidan wasa a New York. Har yau suna kwance kusa da juna a Hollywood.