Kafin ka rantse a kan ɗan wasan baya

Ƙannena masu zaman gidan kallo, da ku nake yau, kuma da kaina nake, don ni ma na ci kujerar benci a wani gidan kallo da ke wajen Ƙofar Ƙaura shekaru masu yawa. Kwanan baya bayan an tashi wasa, janareta ma an kashe, sai musu ya ɓarke a bakin ƙofa: wane ɗan wasan baya ne ya fi cancantar kyautar gwarzon kaka? Wannan ya ce Van Dijk na Liverpool, wancan ya ce Saliba na Arsenal, wani ɗan Madrid ya ce in ba Rudiger ba to an yi son kai. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai, wasu samari biyu da suka tashi a layi ɗaya sun riƙe wuyan rigar juna, ɗaya ya rantse da Alƙur'ani, ɗaya ya ambaci mahaifiyar ɗan'uwansa. An san mu Katsinawa da ashar, har sauran garuruwa na tsokanar mu da ita, amma wannan ta ranar ba ta raha ba ce.

Ban ce a bar musu ba. Musun ƙwallo shi ne gishirin kallo. Abin da ya dame ni shi ne yawancinku ba ɗan wasan kuke karewa ba, rigar da ke jikinsa kuke karewa. Da a ce gobe Saliba zai koma Chelsea, wanda ya rantse a kansa jiya shi zai fara cewa ai dama ba ya da sauri.

Sannan aikin mai tsaron baya ba ya shiga ɗan guntun bidiyon da ake turowa a WhatsApp. Ɗan gaba in ya ci ƙwallo, daƙiƙa goma sun isa a nuna wa duniya. Shi kuwa lamba huɗu, mafi kyawun aikinsa shi ne abin da bai faru ba: ya tsaya a inda ya dace har mai ƙwallo ya fasa turo ta, ya ɗaga hannu ya ja layinsa gaba aka kama abokin hamayya da satar gida, ya yi wa na gefensa tsawa ya koma gurbinsa. Wanda kuke yi wa tafi don ya zube ƙasa ya share ƙwallo har da mai ita, sau da yawa makara ya yi, yana gyara ɓarnar da ya yi da kansa ne. In ba ka zauna ka kalli minti casa'in ba, idonka a kan layin baya ko da ƙwallo tana can gaba, to da me za ka yi hukunci?

Ku duba yadda masu ba da kyautar su kansu suke yi. Tun da aka fara Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara, a 1956, masu tsaron baya da suka ɗauke ta ba su cika yatsun hannu ɗaya ba: Beckenbauer na Jamus a 1972 da 1976, Matthias Sammer a 1996, sai Cannavaro a 2006, shekarar da ya jagoranci Italiya ta ci Kofin Duniya. Paolo Maldini, wanda ya ɗaga kofin Zakarun Turai sau biyar da AC Milan, na uku ya taɓa zuwa, a 1994 da 2003, bai taɓa ɗauka ba. Shin za ka ce Maldini bai iya ba ne? A 2019 Van Dijk ya ci kofin Zakarun Turai da Liverpool, ƙwallo 22 kacal aka zura musu a Firimiya, ƴan wasan Ingila suka zaɓe shi gwarzonsu, amma Messi ya wuce shi da maki bakwai. Shi Van Dijk ɗin ya je wurin bikin, ya gaisa da Messi, ya koma gida ya kwanta. Kai kuma a Katsina ka daina gaida maƙwabcinka.

In ana son a yi musun da hankali, akwai abin dubawa. Ƙwallo nawa aka ci ƙungiyarsa, kuma yaya take in ba ya nan? Ruben Dias ya zo Manchester City daga Benfica a 2020, a daidai lokacin da Leicester ta zuba musu 5 da 2 a gidansu; kafin kakar ta ƙare sun ɗauki kofi, marubuta labarin wasanni na Ingila suka ba shi gwarzon shekara. Nan kowa ya ga bambancin zuwansa. John Terry ya samu kyautar ƴan wasa a 2005, kakar da ƙwallo 15 kawai aka ci Chelsea a wasa 38. Shi ma Saliba a kakar 2023/24 bai rasa ko minti ɗaya ba a Firimiya, Arsenal kuma ita aka fi ƙarancin ci, ƙwallo 29, amma ta ƙare ta biyu. Ni a ganina rashin kofi bai kamata ya rage masa komai ba, tunda ba shi ke buga gaba ba. Wani zai ce ai kofi shi ne hujja. To ka ga wannan musu ne mai daɗi, ana iya kwana ana yi ba a taɓa iyayen kowa ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki, duk wannan hayaniya ba wanda ya ambaci na gida. William Troost-Ekong, wanda ya jagoranci Super Eagles a fili a wancan lokacin, shi aka ba gwarzon gasar Kofin Afirka da aka buga a Kwaddebuwa farkon 2024, duk da an ci mu 2 da 1 a wasan ƙarshe, kuma shi ya ci mana ɗayar da ka. Ga filin wasa na Muhammadu Dikko nan a Karkanda, nawa daga cikinku za su iya faɗin wanda ke buga lamba biyar a Katsina United?

Batun rantsuwa kuwa, ku ji tsoron Allah. Ra'ayi ne fa, kamar wani ya ce fura ta fi kunu. Ba a sa sunan Allah a kan abin da ƴan jarida ke jefa wa ƙuri'a a Turai. Kuma na lura waɗanda suka fi zafi a musun nan sau da yawa tikitin caca ne a aljihunsu ya ƙone, haushin kuɗinsu suke hucewa a kan abokai. Wannan kuma wata magana ce, za mu yi ta wata rana.

Ranar Asabar mai zuwa ga abin da nake so ku gwada. Ka zaɓi ɗan bayan ƙungiyar da ka fi tsana, ka bi shi da ido tun daga busa har hutun rabin lokaci, ka ƙirga sau nawa ya hana abu kafin ya zama abu. Ni na gwada da Rudiger, ni da nake ɗan Barcelona tun zamanin Puyol, kuma ban ji daɗin abin da na ƙirga ba. Su kuma samarin nan biyu, na ji an ce har yanzu kowa bencinsa daban, ɗaya ma ya koma kallo a Sabuwar Unguwa.