Kyamara tana fili, darakta yana wani gari

Kafin in baro gida Najeriya, duk ranar da za mu watsa wasa ko babban taro kai tsaye, tun daren jiya ake fara shiri. A loda motar watsa shiri, a ja ta har bakin fili, a shimfiɗa wayoyi, injiniya ya hau sama ya yi ta juya faifai har sai ya kama tauraron ɗan'adam. Janareta na ruri a gefe. Da hadari ya haɗo, gaban kowa sai ya faɗi, don ruwa mai ƙarfi kan yanke sigina.

A nan Ingila, Asabar ta farko da aka kai ni filin ƙwallo, na duba ko'ina ban ga irin motar da na saba ba. Masu kyamara ne, da mai kula da sauti, da wani akwatin ƙarfe da aka jona wa siririyar wayar faiba mai ruwan ɗorawa, wato wayar da ke ɗaukar hoto da sauti ta hanyar haske. Darakta yana wani gari, gaban bangon allunansa, hoton kowace kyamara na isa gare shi daban, yana ba mai kyamara umarni a kunne kamar suna ɗaki ɗaya.

Dalilin a lissafi yake. Tauraron da ake harba hoto gare shi yana sama da kusan kilomita 36,000, don haka hawa da saukowa kaɗai kan ci kusan rubu'in sakan. Haske a cikin faiba kuwa yana cin kilomita 1,000 cikin kashi 5 bisa 1,000 na sakan. Kuma hoton HD, wato mai fitowa tangaran, guda ɗaya da ba a matse ba yana buƙatar kusan gigabit 1.5 a sakan. Ta tauraro, shirin da aka gama haɗawa a mota ake aikawa. Ta faiba, ɗanyen hoton kyamara goma ko fiye na iya tafiya tare. Shi ya sa a gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021, BBC ta iya gabatar da shirinta daga birnin Salford na nan Ingila.

Amma abin da ya fi burge ni ba kayan ba ne. Ba a yarda da waya ɗaya a nan. Hoto ɗaya ake aikawa ta hanyoyi biyu da ba su haɗa rami ba, kuma na'urar da ke karɓa tana ɗauko abin da ya ɓace a wannan daga waccan. Akwai ranar da hanya ɗaya ta yanke ana tsakiyar wasa, sai jar fitila na gani ta kunna, mai kallo bai ga ko ƙyaftawa ba.

Wannan nake so 'yan'uwana masu aikin talabijin a Najeriya su duba kafin su yi marmarin ajiye mota. Faiba ta iso mana, babbar wayar ƙarƙashin teku mai suna Equiano ma ta sauka a Legas a 2022. Sai dai kowa ya san yadda motar gyaran titi ke tsinke waya a ƙasa, kuma a watan Maris na 2024 manyan wayoyin ƙarƙashin teku huɗu sun lalace a gaɓar Yammacin Afirka a rana guda. Tashar da za ta koma faiba, ta nemi taswirar inda aka binne kowace hanya kafin ta sa hannu, kuma faifan tauraronta ya ci gaba da zama a kunne ranar wasa.