A Bar Musayar Sarakuna, A Gyara Yadda Ake Zaɓen Uban Jami'a

Duk lokacin da gwamnatin tarayya ta fitar da jerin sunayen sababbin iyayen jami'o'i, kamar yadda aka yi a 2015 aka kuma maimaita a 2021 lokacin da Malam Adamu Adamu yake ministan ilimi, nakan ga mutanenmu sun rabu gida biyu. Wasu sukan taya sarkinsu murna don an ba shi wata jami'a a kudu, wasu kuma sukan yi ƙorafin cewa an ɗauko basaraken da ba ya jin ko sannu da Hausa an ɗora shi a kan jami'ar garinsu. Ra'ayina shi ne musayar nan ta sarakuna abu ne mai kyau da bai kamata a taɓa ba, amma hanyar da ake bi wajen zaɓen tana buƙatar gyara na gaske, domin a yau jami'ar da za a naɗa wa uba ba ta da bakin magana a kai.

Ga wanda bai san tsarin ba, uban jami'a daban yake da shugaban jami'a. Shugaban jami'a shi ne mai gudanar da aiki yau da kullum, kuma tun bayan gyaran dokar jami'o'i na 2003 majalisar gudanarwa ce take zaɓensa, ya yi wa'adi ɗaya na shekara 5 ya sauka. Uban jami'a ba ya sa hannu a kan albashi, ba ya ɗaukar ɗalibi, ba ya korar malami. Aikinsa na fili shi ne ya shugabanci bikin yaye ɗalibai ya tabbatar musu da digirinsu, kuma a jami'o'in tarayya shugaban ƙasa ne yake naɗa shi, a na jihohi kuwa gwamna.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ishe mu misali a kan amfanin musayar. Da aka buɗe ta a watan Oktoban 1962, Sardauna da kansa ne ubanta na farko. Bayan an kashe shi a Janairun 1966, a daidai lokacin da zukatan 'yan Arewa suke tafasa, wanda ya gaji kujerar shi ne Oba Akenzua na Biyu, Sarkin Benin. Daga baya Cif Obafemi Awolowo, mutumin da ya shafe shekaru yana adawa da Sardauna a siyasa, ya zauna a wannan kujera a shekarun 1970, kafin ta zo hannun Lamiɗon Adamawa Aliyu Mustafa, wanda ya daɗe a kanta ƙwarai. Tun 2015 kuma Obi na Onitsha, Igwe Nnaemeka Alfred Achebe, aka ba wa riƙon ta, a shekarar da aka kai Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar Jami'ar Ibadan. Haka Etsu Nupe ya zama uban Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife. Wanda ya duba wannan jeri da idon basira zai ga cewa magabata sun san abin da suke yi: sun so ɗan Funtuwa da ɗan Awka su karɓi takardar shaidarsu daga hannu ɗaya, su fita da sanin cewa jami'ar ta ƙasa ce baki ɗaya.

Wanda ya taɓa halartar bikin yaye ɗalibai a Samaru, inda babbar harabar Jami'ar Ahmadu Bello take, ya san nauyin abin. Iyaye sun taso tun asuba daga ƙauyuka da kulolin abinci, an shimfiɗa tabarmi a gindin itatuwa, ɗalibai sun sha riguna da huluna masu tunku suna ta gumi a ciki. Sai jerin gwanon malamai ya shigo a hankali, mai ɗauke da sandar jami'a yana gaba, uban jami'a yana can ƙarshe da rigarsa mai aikin zinare a kan kayan sarautarsa. Idan ya miƙe ya furta kalmomin tabbatar da digiri, dubban matasa su ɗaga huluna a lokaci guda, za ka ga dattijuwar da ba ta taɓa shiga aji ba tana share hawaye da gefen mayafi. Ba na yarda da masu cewa wannan kujera ado ce kawai da za a iya sokewa don a rage kashe kuɗi. Al'ummar da take girmama sarauta tana fahimtar darajar ilimi sosai idan ta ga sarki ya miƙe tsaye dominsa.

Matsalar tana wajen wanda yake da wuƙa da nama a naɗin. Tunda gwamnati ce kaɗai take bayarwa, kujerar takan bi iskar siyasa. A watan Maris na 2020 gwamnatin Kano ta sauke Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, cikin 'yan kwanaki kuma gwamnan Kaduna na lokacin, Malam Nasir El-Rufai, ya naɗa shi uban Jami'ar Jihar Kaduna. Babu mai musun ilimin Sarki Sanusi ko cancantarsa, amma kowa ya karanta naɗin a matsayin saƙo daga wani gwamna zuwa wani, kuma bai dace jami'a ta zama takardar aika saƙo ba. Haka nan sarakunan da ake naɗawa, gwamnoni ne suke ba su sanda, su ne kuma suke iya karɓewa, saboda haka wanda ya samu rawani daga gwamna ya samu kujerar jami'a daga shugaban ƙasa zai yi wuya ya buɗe baki ya gaya wa hukuma abin da ba ta son ji.

Alhali kuwa a irin wannan ranar ce ake buƙatar uba. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi yajin aikin kusan wata tara, a 2022 kuma ta sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Abin da ya kawo ƙarshen na 2022 shi ne hukuncin kotu da shiga tsakanin Kakakin Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila. Sarakuna da malaman addini sun yi kiraye-kiraye, Allah ya saka musu, amma da a ce iyayen jami'o'in nan jami'o'insu ne suka zaɓe su, da suna da hurumin haɗuwa su tafi fadar shugaban ƙasa a matsayin masu magana da yawun 'ya'yansu, su kuma juyo su ja kunnen malamai idan sun wuce gona da iri. Haka batun digirin girmamawa yake. Tun 2012 shugabannin jami'o'i suka amince a taronsu na Keffi cewa a daina ba masu riƙe da muƙaman gwamnati irin wannan digiri, duk da haka abin bai tsaya ba. Uban jami'a ne yake miƙa wannan takarda da hannunsa, kuma wanda yake da 'yanci zai iya cewa ba zai miƙa ta ga wanda bai cancanta ba.

Na san wasu za su ce mu kwaikwayi Jami'ar Oxford ta Ingila, inda tsofaffin ɗalibai da ma'aikata suke kaɗa ƙuri'a. Da Chris Patten ya yi ritaya a 2024 bayan ya riƙe kujerar tun 2003, an yi zaɓe ta intanet, 'yan takara 38 suka tsaya, William Hague ya yi nasara da wa'adin shekara 10. Tsarin yana da kyau a wurinsu, amma ba na ganin zai dace da mu. Babu sarki mai martaba da zai yarda a liƙa hotonsa a bango yana neman ƙuri'a, kuma babu masarautar da za ta ji daɗin a ce sarkinta ya faɗi zaɓe. Sannan mun san halinmu: ranar da aka buɗe ƙuri'a, ƙabilanci da addini da kuɗi za su shigo, kowace jami'a ta zaɓi sarkin garinta ko attajirin da ya fi kowa alkawarin gini, musayar da ta rayu tun 1966 ta mutu a rana ɗaya.

Abin da nake ganin ya fi dacewa shi ne a kafa ƙaramin kwamiti a kowace jami'a, da wakilan majalisar gudanarwa, da na majalisar malamai, da na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, da wakili ɗaya na ɗalibai. Su tuntuɓi mutane cikin sirri da ladabi kamar yadda masu zaɓen sarki suke yi, su fitar da sunaye uku, dukkansu daga wajen shiyyar da jami'ar take, shugaban ƙasa ya ɗauki ɗaya daga ciki. A sa wa'adi bayyananne wanda bai zo daidai da wa'adin gwamnati ba, don kada kowace sabuwar gwamnati ta zo da nata jerin, a kuma hana cire mutum kafin wa'adinsa ya cika sai da dalilin da majalisar gudanarwa ta amince da shi. Ina kuma roƙon kada a taƙaita kujerar ga sarakuna kaɗai. Zariya ta taɓa samun alƙali a kanta, wato Mai Shari'a Udo Udoma, kuma ƙasar nan ba ta rasa tsofaffin alƙalai da manyan malamai da mata masu daraja waɗanda za su riƙe ta da mutunci. Wanda aka zaɓa kuma a gaya masa tun farko cewa ana sa ran ganinsa a harabar jami'a aƙalla sau ɗaya a kowane zango ban da ranar biki, ya shiga ɗakunan kwanan ɗalibai da ɗakin karatu, ya zauna da malamai, ya rubuta wa shugaban ƙasa abin da idonsa ya gani.