Ranar da na yanke data a 1.3

Wallahi har yanzu in na tuna mitin ɗinmu na ranar Talata sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi. Waɗanda ke wajen ku yi haƙuri ku sake ji, waɗanda ba sa nan kuma gara ku ji daga bakina kafin mai cryo-EM, wato mai duba furotin da maikuroskop na ilektiron, ya ba ku nasa da ƙarin gishiri.

Kun dai san kiristal ɗin furotin ɗin nan da na yi shekara ɗaya da rabi ina lallashi don in gano siffar furotin ɗin. Ya fito, muka daskarar da shi, aka ba mu lokaci a sinkuroturon, babbar na'urar da ke ba da hasken X-ray mai ƙarfi, cikin tsakar dare, na matso da ditekta kusa saboda zalama, na harba masa hasken, ɗige-ɗige suka fito a ditekta. Saura yanka. Ɗigon tsakiya masu ƙarfi ne, kana yin gefe suna dusashewa har su ɓace cikin hayaniya, kuma na gefen su ne ke ɗauke da ƙananan bayanai, don haka dole ka ja layi ka ce daga nan na daina yarda. Layin shi ne rezolushan ɗinka. Ƙaramar lamba ce abin taƙama, mai 2.5 angistirom (ma'aunin tsawon da ake auna atom da shi) mutum ne kamar kowa, mai 1.5 kuwa har tashi ake a ba shi kujera.

Oga kun san shi, ɗan tsohon yayi ne. I/sigma, wato ƙarfin ɗigo a kan hayaniya, ya sauko 2 ka yanke, Rmerge, wato saɓanin da ke tsakanin awon ɗigo ɗaya da aka maimaita, ya haura kashi 60 ka yanke, ba ya son dogon surutu. Da dokarsa datata a 2.1 ta tsaya. Ni kuma lokacin na karanta takardar Karplus da Diederichs ta 2012 da ta fito a Science, ina ji da kaina kamar ni na rubuta. Maganarsu ita ce ana zubar da data mai amfani a banza, ka raba awon kowane ɗigo gida biyu ba zaɓe, ka ga ko rabin nan ya yarda da rabin can, shi ne CC1/2, in har suna da alaƙa to akwai sigina a wajen ko da I/sigma ya yi ƙasa da 1. Shi Rmerge ma hawa yake yi in ka auna ɗigo sau da yawa, wato ana hukunta ka don ka yi aiki, tun 1997 su biyun suka faɗi haka suka kawo Rmeas, gyararren Rmerge. Duk na haddace. Na kuma haddace cewa AIMLESS, manhajar da ke haɗa awon ɗige-ɗige, wajen CC1/2 0.3 yake nuna maka ka tsaya. To 0.3 ɗin nan ita ta kashe ni.

Da asuba ido ya yi ja na buɗe CORRECT.LP, fayil ɗin sakamakon XDS, wata manhajar sarrafa data daban, ban duba saman tebur ba, kai tsaye na gangara layin ƙarshe. 1.3 angistirom, CC(1/2) 0.4. Na ce 0.4 ai ta fi 0.3. Na miƙe tsaye ni kaɗai a ɗakin. Na tura wa mutum uku saƙo. Ɗaya daga cikinsu ma ba ya wannan fannin, ya ce barka.

Ranar Talata na yi silaid goma sha huɗu, na farko an rubuta 1.3 da manyan lambobi har da ja. Minti goma na yi ina wa Oga lacca, Oga fa, mutumin da ya fara wannan aikin tun ana ɗaukar hoton ɗigo a fim. Har da cewa na yi, "Ranka ya daɗe, zamanin I/sigma 2 ya wuce." Da bakin nan nawa. Ya ce to madalla, nuna mana teburin. Na nuna.

Shiru. Sai Dakta, fosdok ɗinmu, wato mai bincike bayan digiri na uku, wadda a wata ba ta yin magana sau biyar a mitin, ta cire gilashi ta goge ta mayar ta ce, "Ɗan ƙanena, koma sama kaɗan." Na koma. Ta ce karanta min CC na layin farko. Na ce 99.9. Ta ce, "To ita wannan alaƙar da ka gama koya mana, iyakarta nawa ne?" Na ce ɗaya. Ta ce to 99.9 fa?

Jama'a kun san lokacin da ƙwaƙwalwa ta riga ta gane amma baki bai samu labari ba? Bakina ya ci gaba. Na ce wataƙila data ce ta yi kyau sosai. Na faɗa. A gaban mutum goma sha ɗaya na ce alaƙa ta ninka iyakarta sau ɗari saboda kyan kiristal ɗina. XDS cikin ɗari yake rubuta nasa, AIMLESS kuma daga sifili zuwa ɗaya, wato 0.3 ɗin da nake nema 30 ce a teburin da ke bango, ni kuma 0.4 ɗina ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Dakta ba ta ƙyale ni ba, a hankali ta ce kuma ka ga ɗan tauraron da ke gefen lambobin sama, shi ke nuna alaƙar ba dace ba ce, naka ina nasa? Na duba. Tauraro ya daina fitowa tun layuka uku a baya. I/sigma a layina 0.03, yana nan ɓaro-ɓaro a gefe, Rmeas kuwa wata lamba ce mai kama da lambar waya. Lesar da nake nuni da ita ta fara rawa a bango kowa na gani, na kashe ta, sai na ga ba ni da abin yi da hannuna, na sake kunnawa.

Oga bai yi dariya ba, da ma ya yi. Ya ɗau biro ya yi lissafi a bayan takarda, ya ce canjin rezolushan ninka shi ake yi da kansa har sau uku a samu canjin yawan ɗigo, ko a ce data ta kai 1.9, daga nan zuwa 1.3 ya ninka fiye da uku, ke nan kashi biyu cikin uku na abin da na ba Phenix, manhajar daidaita siffar furotin da data, ya kwana yana tacewa iska ce zalla. Ya ce Rfree ɗinka, wato saɓanin siffar da ka gina da data, nawa? Na ce 29. Ya ce a 1.3? Ya ce ka buɗe taswirar furotin ɗin a manhajar Coot ka ga rami a tsakiyar zoben fenilalanin, amino asid ɗin nan mai zobe, kamar yadda ake gani a 1.3 na gaskiya? Na ce ban lura ba. Na lura. Babu rami, dunƙule ne kamar yadda yake a 2, na ce wa kaina kwamfutar ce.

Amma duk wannan bai ƙona min rai kamar mai cryo-EM ba. Shi fa ba ɗan gurup ɗinmu ba ne, zuwa yake ya zauna kusa da ƙofa yana danna waya. Shi ya fara fashewa, irin dariyar nan da ake buga tebur, har ya ce "kai, 1.3!" sau biyu. Mutumin da bai taɓa kamo kiristal da madauki ba, ranar da ya gwada sai da ya zubar min da tire guda, rijiya 96, har yau bai ce sannu ba. Kuma ku da kuke yanke naku a FSC 0.143, irin CC1/2 ɗinku, lamba mai wutsiya uku da in na tashe ka daga barci ba za ka iya gaya min daga ina ta fito ba, kai ne za ka yi min dariyar lamba? Alƙalamin rubuta tire ɗina ma yana wajensa tun watan jiya, mai shuɗi, na gan shi a aljihunsa a mitin ɗin. Ban ce komai ba don ba ranar magana ba ce a gare ni.

Daga baya Dakta ta zaunar da ni muka yi abin da ya kamata tun farko. CC1/2 ya sauka 30 a wajen 1.85. Muka tace a 2.1, muka ƙara zobe ɗaya na ɗige-ɗigen gefe muka sake tacewa, sannan a kwatanta Rfree na biyun a kan data ɗaya ta 2.1, don in ka kwatanta a rezolushan daban-daban kanka kawai kake ruɗa. 2.0 ta taimaka, 1.9 ta ɗan taimaka, 1.8 ba abin da ta ƙara. Wato a gaskiya ina da gaskiya, akwai data bayan layin Oga, sai dai wa zan gaya wa yanzu.

Na kai masa 1.9 da hujjoji shafi biyu. Ya duba ya ce sa 2.0, mai duba takarda ba zai tambaye mu ba. Na sa 2.0. Wani kuma ya rubuta 0.4 da tauraro a jikin akwatin tire ɗina, da shuɗin alƙalami.